Magani biyu sun gaza tsayar da farfaɗiyar 'yata, me ya rage?

Wani magidanci ya aiko min da tambaya a kan 'yarsa mai shekara 19, wadda take fama da farfaɗiya tun tana 'yar shekara 11. Ya ce kafin abin ya zo mata sai ta ji wani abu ya taso daga cikinta ya nufo ƙirji, tsoro ya kama ta babu dalili, sannan ta ƙura ido wuri ɗaya tana taunar baki tana murza gefen zaninta, a yi ta kiranta ba ta amsawa. Bayan minti ɗaya ko biyu sai ta dawo a gajiye, ba ta san abin da ya faru ba. Wani lokaci abin yakan zarce ta faɗi tana jijjiga. Ta yi shekaru tana shan Tegretol, daga baya aka ƙara mata Keppra, amma har yau sau uku ko huɗu take yi a wata. Tana 'yar shekara 2 ta taɓa yin zazzaɓi mai zafi da jijjigar da ta daɗe ba ta tsaya ba. Wani likita ya ambaci tiyata, dangi suka ce ko kusa, kai ba wurin wasa ba ne. Tambayarsa ita ce: akwai sauran abin yi, ko dai haƙuri za a ci gaba da yi?

Malam, Allah Ya ba ta lafiya, kai kuma Ya saka maka da alheri. Yadda ka kwatanta ciwon nan ya nuna ka zauna ka lura da 'yarka sosai. Iyaye da yawa abin da suke iya gaya mana a asibiti shi ne "tana faɗuwa", daga nan sai mu yi ta tono. Akwai sauran abin yi, kuma da yawa. Maganata ba za ta maye gurbin likitan da yake ganinta ido da ido ba, amma siffar da ka bayar ita ce siffar irin farfaɗiyar da ta fi ƙin jin ƙwayoyi, kuma ita ce dai wadda tiyata ta fi yi wa amfani. Idan magani biyu da suka dace suka gaza, lokacin zurfafa bincike ya yi. Abin da ya fi ci min rai a aikin nan shi ne in ga mutumin da aka yi shekara goma sha biyar ana sauya masa ƙwaya, babu wanda ya taɓa tambayar daga ina ciwon yake tasowa.

Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ne da 'yar wutar lantarki, a tsare. Idan wani gungu daga cikinsu ya rikice ya saki wutar gaba ɗaya, ciwo ya tashi ke nan. A wasu mutane rikicin yana kama ɓangarori biyu na ƙwaƙwalwa lokaci guda. A wasu kuma daga wuri ɗaya yake farawa, kamar gobarar da ta tashi a ɗaki guda: wata rana ta mutu a nan, wata rana ta ci gidan duka. Abin nan da 'yarka take ji yana tasowa daga ciki, tare da tsoron, ciwon ne kansa ya riga ya fara, yana ɗakinsa na farko. Ƙura ido da taunar baki da murza zani alama ce ya faɗaɗa ya taɓa hankali. Idan ta faɗi tana jijjiga kuwa, ya game ko'ina.

Waɗannan alamu sun fi nuna sashen ƙwaƙwalwa da ke gefen kai, daidai kunne. A can ciki akwai wani ɗan yanki mai suna hifokamfas, wanda ke taimaka wa mutum ya ajiye sabon abin da ya gani ko ya ji. Jijjigar zazzaɓi mai tsawo a ƙuruciya tana iya barin tabo a wurin, a yi shekaru shiru, sannan farfaɗiya ta ɓullo. Jijjigar zazzaɓi ta 'yan mintuna da yara da yawa suke yi ba ita nake nufi ba, yawancinta tana wucewa babu illa. A ƙasarmu akwai wasu abubuwan da suke barin irin wannan tabo: zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, sanƙarau, doguwar naƙuda da ta hana jariri numfashi, buguwar kai a haɗarin babur, shanyewar ɓarin jiki. Wasu kuma an haife su ne da ɗan wurin da fatar ƙwaƙwalwa ba ta tsaru daidai ba, ko ƙaramin ƙari mai girma a hankali, ko dunƙulen jijiyoyin jini. Irin wannan farfaɗiya ta gefen kunne akan kai ta wurin masu maganin iska, domin wanda ya ga yarinya ta ƙame tana kallon abin da babu, tana jin warin da kowa bai ji ba, da wuya ya kawo ciwon ƙwaƙwalwa a ransa.

A shekarar 2010 ƙungiyar likitocin farfaɗiya ta duniya ta tsayar da ma'anar farfaɗiyar da ba ta jin magani: a gwada magani biyu da suka dace da irin ciwon, a kan adadin da ya isa, jiki ya karɓe su, a sha su yadda ya kamata, amma ciwon bai tsaya ba. Ba da ka aka zaɓi biyun ba. A shekarar 2000 likitoci biyu, Kwan da Brodie, sun fitar da sakamakon bibiyar marasa lafiya a birnin Gilasgo na Sikotland. Cikin mutum 470 da ba su taɓa shan magani ba, kashi 47 cikin 100 sun samu sauƙi gaba ɗaya da maganin farko, kashi 13 da na biyu, daga nan kuma duk abin da aka ƙara bai wuce kashi 4 ba. A 2018 aka sake duba lissafin da mutum 1,795, bayan an samu sababbin magunguna fiye da goma a kasuwa. Waɗanda ciwonsu ya tsaya kusan kashi 64 ne, kamar dai yadda yake a da. Sababbin magungunan sun rage wa mutane jiri da kasala da rikici da sauran ƙwayoyi, amma mutum ɗaya cikin uku yana nan inda yake.

Tegretol da Keppra, wato kabamazefin da lebetirasetam, duka sun dace da irin ciwon 'yarka. Amma kafin in yarda cewa sun gaza, sai na tabbatar sun shiga jikinta kullum, kuma a nan ne muke tarar da abubuwa da yawa a wajenmu.

Wata uwa ta taɓa kawo min ɗanta, matashi tela, da takardar da aka rubuta cewa magani uku sun gaza. Na ce ta juye min ledar maganin a kan tebur. Muka jera fakitocin, muka ƙirga. Ashe na kwana goma-goma take saya masa a kemis, idan ya ƙare kuma sai an yi kwana uku ko huɗu kafin kuɗi su samu. Na tambayi lokutan da ya fi faɗuwa, sai ta ce ƙarshen wata da kuma gab da Sallah. Da na keɓe da yaron ya sunkuyar da kai ya ce idan ɗinkin Sallah ya taru yakan kwana a kan keke, yana haɗiyar tiramol don kada barci ya ɗauke shi. Tiramol shi kaɗai yana sa mai lafiya jijjiga, balle mai farfaɗiya da bai yi barci ba kuma maganinsa ya yanke. Ba mu ƙara masa ko ƙwaya ɗaya ba. Muka mayar da shi kan magani ɗaya mai araha da za su iya saya na wata guda cur, yayansa ya ɗauki nauyin kuɗin, ya bar aikin dare. Ciwon ya lafa.

Don haka, Malam, ka duba waɗannan da idon basira, ba tare da ka tsorata ta ba. Shin tana tsallake sha, musamman na dare, ko idan ta je gidan 'yan'uwa tana jin kunyar a gan ta da magani? Shin adadin da take sha yanzu shi ne wanda aka ɗora ta a kai tun tana ƙarama, alhali jikinta ya ninka? Shin a wuri ɗaya amintacce kuke saye, mai lambar NAFDAC, ko duk wanda aka samu? Wani bincike da aka yi a Gabon da Kenya da Madagaska ya tarar kusan kashi ɗaya cikin uku na magungunan farfaɗiya da aka gwada ba su cika inganci ba, kuma zafi da damshin wurin ajiya suna cikin abin da ke lalata su. Shin tana shan wani maganin daban, kamar na tarin fuka, wanda ke rage ƙarfin wasu magungunan farfaɗiya a jini? Yaya barcinta? A watan azumi, idan maganin sau biyu ne, likita zai iya tsara mata shi a sahur da buɗa-baki. Idan kuma azumin yana tayar mata da ciwon, shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame, ku haɗa maganar likita da ta malami.

Sai kuma a tabbatar farfaɗiya ce. A manyan cibiyoyin duniya, kusan mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar da ake turowa da sunan farfaɗiya mai taurin kai, sai a tarar wani abu ne daban: suma daga matsalar zuciya, ko jijjigar da damuwa da firgici suke haifarwa, wadda ciwo ce ta gaskiya amma ƙwayar farfaɗiya ba ta yi mata komai. A nan wayar hannunka ta fi kowace na'ura saurin amfani. Gani ya kori ji. Idan abin ya taso, wani ya kula da ita, wani ya ɗauki bidiyo, a nuna fuska da hannaye biyu, a kira sunanta, a ce ta ɗaga hannu, a faɗa mata wata kalma a tambaye ta daga baya. Wane hannu ne ya ƙame, wane ne yake murzar zani, ina kai ya juya, shin tana iya magana da zarar ta dawo ko sai harshe ya ɗauki lokaci: duk waɗannan suna gaya mana dama ne ko hagu. Ku kuma samu ɗan littafi ku riƙa rubuta rana da lokaci da irin wanda ya zo, har da kwanakin al'adarta, domin wasu matan a lokacin ne ciwon yake ƙaruwa.

Idan duk wannan ya tabbata, sai gwaje-gwaje. Gwajin EEG, wato auna wutar lantarkin ƙwaƙwalwa da wayoyin da ake manna wa kai, idan na minti talatin ne yakan fito lafiya lau a kusan rabin masu farfaɗiya ta gaskiya a karon farko, saboda haka sakamako mai kyau ba ya kore ciwon. Akan maimaita bayan an hana mutum barci. Hoton kai na CT ba ya nuna tabon hifokamfas. MRI ake buƙata, wato hoton ƙwaƙwalwa da ake ɗauka da na'urar maganaɗisu, kuma ba kowane MRI ba: sai wanda aka yanka sirara-sirara ta fuskar da ta dace da gefen kunne, a na'ura mai ƙarfin Tesla 1.5 ko 3, likita ya rubuta a takarda cewa na farfaɗiya ake so. Na sha ganin hoton da aka rubuta "babu matsala", aka sake ɗauka yadda ya kamata tabon ya fito fili. Mataki na gaba shi ne a kwantar da ita kwanaki da wayoyin EEG a kai da kyamara a kanta, a rage magani a hankali a ƙarƙashin kulawa, har a kama ciwon yana tashi. Sannan a auna ƙarfin riƙewarta da harshenta. Idan labarin ciwon da bidiyo da EEG da MRI duka suka nuna wuri ɗaya, an samu mai laifi. Idan suka saɓa, a manyan cibiyoyi akan zura siraran wayoyi cikin ƙwaƙwalwa ta ƙananan huji don a saurara daga kusa, dabarar da likitocin Faransa suka ƙirƙiro a Faris tun wajen shekarun 1960.

Na fahimci tsoron dangi. Amma tiyatar farfaɗiya ba sabon abu ba ne. Tun 1886 Victor Horsley ya yi ta a Landan. Abin da ya daɗe babu shi ne gwaji na adalci, sai a 2001 aka fitar da shi daga Kanada. An raba mutum 80 masu farfaɗiyar gefen kunne gida biyu ta hanyar ƙuri'a, 40 aka yi musu aiki, 40 suka ci gaba da magani. Bayan shekara ɗaya, kashi 58 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aiki sun rabu da ciwon da ke ɗauke hankali, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 8. Mutum ɗaya ne ya rasu a binciken, kuma yana cikin masu shan magani kaɗai. A 2012 aka yi makamancinsa a Amurka da waɗanda ba su daɗe da gaza magani biyu ba: 11 cikin 15 da aka yi wa aiki ciwonsu ya tsaya, cikin 23 masu magani kuwa babu ko ɗaya. A 2017 babban asibitin koyarwa na Delhi a Indiya ya gwada a kan yara 116, aka samu kashi 77 a ɓangaren aiki da kashi 7 a ɓangaren magani. A fannin ciwon ƙwaƙwalwa da wuya ka ga tazara mai faɗin wannan tsakanin hanyoyi biyu.

Dole kuma in gaya maka ɗaya gefen. Ba kowa ne ciwonsa yake tafiya har abada ba. Wani bincike a Landan da ya bibiyi manya 615 ya tarar kashi 52 suna nan lafiya bayan shekara biyar, kashi 47 bayan shekara goma. Idan gefen hagu aka yi wa aiki, inda harshen yawancin mutane yake, wasu sukan samu raguwar riƙe sunaye da kalmomi, kuma wanda riƙewarsa take da kyau kafin aiki shi ya fi fuskantar wannan asara. Wasu sukan rasa ɗan ɓangaren gani ta sama a gefe ɗaya, da yawa ba sa ma lura. Akwai haɗarin zubar jini, shigar ƙwayoyin cuta ko raunin gaɓa a kaɗan daga cikin ɗari, mutuwa kuwa ƙasa da ɗaya cikin ɗari a cibiyoyin da suka ƙware. Wasu sukan shiga ƙuncin rai a watannin farko. Yanzu ba a cire hifokamfas na ɓangarori biyu, darasin da aka koya da tsada daga wani Ba'amurke, Henry Molaison, wanda aka cire masa duka biyun a 1953, ya rayu har 2008 ba ya iya riƙe sabon abu. Bayan aiki ma ana ci gaba da shan magani aƙalla shekara ɗaya ko biyu kafin a yi maganar ragewa.

Abin da dangi ba sa ɗorawa a ma'auni shi ne haɗarin zama haka. Kowace faɗuwa kusa da murhu, ko rijiya, ko bakin titi, caca ce da rai. Duk likitan da ya yi aiki a asibitocinmu ya ga matan da farfaɗiya ta jefa cikin wuta ko tafasasshen mai. Akwai kuma mutuwar fuju'a da ke zuwa wa masu farfaɗiya, galibi da dare cikin barci, wadda take samun kimanin mutum ɗaya cikin 1,000 a shekara a tsakanin manya, amma haɗarin yana ninkuwa kusan sau 15 ga mai faɗuwa da jijjiga sau uku ko fiye a shekara. Ga karatu da ke tsayawa, ga riƙewa da ke raguwa a hankali. Ko a Amurka, matsakaicin lokacin da mutum yake ɗauka kafin a kai shi tiyata ya kusa shekara 20, yawanci don ba a taɓa yi masa tayin ba. Yarinya mai shekara 19 da aka yi wa aiki yanzu tana iya komawa makaranta. Wadda aka jira ta kai 40, ko ciwon ya tsaya, shekarun sun tafi.

Ina za a yi? Akwai likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da kuma Abuja, kuma idan MRI ya nuna ƙari ko dunƙulen jijiya a fili, aiki ne da suke yi. Cibiyar da ta haɗa kwantarwa da bidiyo da EEG, da masu auna riƙewa, da likitocin da suke zama tare su yanke shawara, ita ce take da ƙaranci ƙwarai a Afirka ta Yamma. Ana yin wannan aiki a Masar da Maroko da Afirka ta Kudu, kuma Indiya ta yi nisa a kai, musamman Delhi da wata cibiya a Tiribandaram ta jihar Kerala da ta fara tun 1995. Idan tafiya ta kama, likitan ƙwaƙwalwarta ne zai rubuta wa cibiyar kai tsaye, a aika da hotuna su duba tukuna. Ka yi hattara da dillalan asibitocin waje. Duk wanda ya yanka maka farashin tiyata bai ga ciwon a bidiyo da EEG ba, kuɗinka yake so.

Idan aka tarar ciwon yana tasowa daga wurare da yawa, ko daga wurin magana ko motsi da ba a iya cirewa, akwai na'urorin da ake dasawa. Ta farko ana saka ta a ƙarƙashin fatar ƙirji da waya zuwa wata jijiya a wuya mai suna bagas, an amince da ita a Amurka tun 1997. Kusan rabin masu ita ciwonsu yakan ragu da rabi. Ta biyu tana zama a ƙoƙon kai tana sauraro, da ta ji ciwon zai tashi sai ta katse shi, an amince da ita a 2013. Ta uku wayoyinta suna zuwa can tsakiyar ƙwaƙwalwa, a 2018. Biyun ƙarshe sun rage yawan ciwo da kimanin kashi 70 bayan shekaru. Ragewa suke yi, da wuya su tsayar gaba ɗaya, ga tsada, ga batir da ake sauyawa, ga buƙatar mai saita su a kusa. Ga wanda yake zaune a Gusau ko Maraɗi, ba su ne zan fara nuna masa ba. Akwai kuma ƙona tabon da hasken leza ta ƙaramin huji, wanda ake saurin warkewa amma nasararsa ta ɗan gaza ta buɗe kai.

Ta fuskar ƙwayoyi, ba a rufe ƙofa ba yayin da ake bincike. Likita zai iya gwada lamotirijin, wanda babban gwajin da aka fitar a Ingila a 2021 ya sake nuna fifikonsa a irin wannan farfaɗiya, ko lakosamaid, ko kulobazam. Lamotirijin a hankali ake hawa da shi saboda ƙuraje masu haɗari. Duk ƙurjin da ya fito da zazzaɓi ko gyambon baki bayan fara sabon magani, asibiti a ranar. Wanda ya fi ɗaukar hankalinmu a 'yan shekarun nan shi ne senobamet, na wani kamfanin Koriya ta Kudu, da aka amince da shi a Amurka a 2019, a Turai a 2021, ana sayar da shi da sunan Xcopri ko Ontozry. A gwajinsa, cikin mutanen da magunguna da yawa suka gaza musu, kashi 21 na masu shan miligiram 400 ciwonsu ya tsaya a makonni 12 na ƙarshen gwajin, masu shan ƙwayar wofi, wadda babu magani a cikinta, kuwa kashi 1. Ba mu saba ganin irin wannan ba. Da farko da aka yi saurin ƙara shi an samu mummunar illa har da rasa rai, shi ya sa yanzu ake farawa da miligiram 12.5 a riƙa ƙarawa duk mako biyu. Yana da tsada, samunsa a nan kuma wahala ne, kada a sa wani ya sayo shi daga waje a fara sha babu likita.

Abincin kito, mai yawan kitse da ƙarancin sitaci, an fara shi tun 1921 kuma yana taimaka wa wasu, musamman yara. Sai dai a gidan da tuwo da shinkafa da fura su ne abinci, riƙe shi yana da wuya, kuma sai da masanin abinci. Man da ake tacewa daga tabar wiwi an amince da shi ne a 2018 don wasu nau'o'in farfaɗiyar yara masu tsanani, tataccen magani ne mai awo, ba shi da alaƙa da abin da ake sayarwa a kwalba ko a busa. A ɗakunan bincike kuma ana gwada wani magani mai suna azetukalna da ke kwantar da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ta ƙofar sinadarin fotashiyam, ana gwada dasa ƙwayoyin halitta masu kwantar da wuta a cikin hifokamfas mai tabo, ana gwada gyaran ƙwayar gado a wurin. Ina bibiyarsu da fata, amma ba zan ce yarinya ta zauna jiransu ba alhali akwai aikin da aka tabbatar tun 2001. Mu a nan ma binciken da ya fi shafarmu daban ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum miliyan 50 masu farfaɗiya, kusan kashi 80 suna ƙasashe irin namu, kuma uku cikin huɗu a ƙasashe matalauta ba sa samun ko maganin farko. Shi ya sa aikin BRIDGE da aka yi a Kano da Zariya da Kaduna, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, ya mayar da hankali kan horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gano farfaɗiyar yara da tambayoyi cikin Hausa su fara magani.

Tunda budurwa ce, maganar aure tana tafe. Yawancin mata masu farfaɗiya suna haihuwar 'ya'ya lafiyayyu. Amma kada a ɗora ta a kan Epilim, wato balfurowet, sai idan babu makawa, domin kimanin jariri ɗaya cikin 10 yakan zo da naƙasa, kashi 30 zuwa 40 kuma da matsalar koyo. Lamotirijin da lebetirasetam sun fi aminci ga ciki. Ta fara shan folik asid tun kafin ta ɗauki ciki, kuma kada ta yanke magani da kanta don ta ga wata ya wuce. Tegretol yana rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa da wanda ake sakawa a ƙarƙashin fatar hannu. Ina roƙonka kada a ɓoye wa mijin da za ta aura. Na ga amaren da suka bar maganinsu a gidan iyaye don kada a gani, ciwon ya tashi a makon farko a gaban dangin miji.

A gida, ta riƙa girki da wani a kusa, daga zaune, ba ita ke ɗauke tukunya daga wuta ba. Ta bar jan ruwa a rijiya, ta yi wanka ba tare da ta kulle ƙofa ta ciki ba, wata 'yar'uwarta ta riƙa kwana ɗaki ɗaya da ita. Idan ta faɗi a kwantar da ita a gefenta, a sa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, a gyara mata sutura. Kada a cusa cokali a baki, kada a ɗura ruwa ko rubutu ko manja, kada a danne ta. Yawunta ba ya sa wa kowa ciwo. Idan jijjiga ta wuce minti biyar, ko wata ta biyo wata ba ta farfaɗo ba, a nufi asibiti.

Ka ambaci haƙuri. Mun san hadisin matar da ta zo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ce tana faɗuwa har jikinta yana buɗewa, ta zaɓi haƙuri da Aljanna, ta roƙi addu'a kada ta riƙa buɗewa. Shi ne kuma ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar da maganinta. Ku ci gaba da addu'a da ruƙiyya, ban taɓa hana kowa ba; sharaɗina ɗaya ne, kada a ce ta ajiye ƙwaya don a ga aikin wani magani, domin yanke maganin farfaɗiya farat ɗaya yana kawo jijjigar da ba ta tsayawa.

Ranar da za ku koma asibiti, ku nemi a haɗa ku da likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a asibitin koyarwa. Ku tafi da bidiyo biyu ko uku, da littafin kwanaki, da fakitin kowane magani da ta taɓa sha da adadinsa da dalilin barinsa, da mahaifiyarta don ta ba da labarin haihuwa da zazzaɓin nan na shekara 2. Ka tambaye shi kai tsaye: "Likita, daga wane wuri ciwon yake tasowa, kuma 'yata tana cikin waɗanda ya kamata a duba don tiyata?" Idan an ɗauki MRI, ka karɓi faifan hoton kansa ka ajiye, kada ka tsaya ga takardar sakamako kaɗai, domin faifan ne wata cibiya za ta nema idan an kai ga neman ra'ayi na biyu.